Madatsar Ruwan da Na Sa wa Hannu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Batsari, zuwa ga ɗana Kabiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Kaduna lafiya, ya haɗa ka da masauki nagari da maƙwabta masu tsoronsa, ya tsare ka a hanya da gida da wurin aiki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida sai wani karo, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ranar da muka raka ka tasha ka ce mini an sa ka a sashen da ke duba takardun masu neman kwangila. Kana faɗa kana murna. Na ce Allah ya sanya alheri, amma ka ga fuskata ta canza, har ka tambaye ni ko jikin ne. Lafiyata ƙalau. Magana ce ta taso mini wadda ba a yin ta a tsaye, ga kwandasta yana kiran fasinja. Ka san an taɓa yin wata madatsar ruwa a wajen Runka ta fashe, lokacin kana makarantar kwana. Ka san bayan nan an ɗauke ni daga wurin aikina an jefa ni nesa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda abin ya faru daki-daki, da kuma inda ni ubanka na yi ta tuntuɓe. Shi zan ba ka, don irin kujerar da na zauna a kai ita ce aka ba ka yanzu, taka ma ta fi tawa girma.

Lokacin da aka sami mulkin kai ina saurayi, malamin gona ne ni a En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani. Keke gare ni, da shi nake zagaya Ruma da Runka da Safana, ina koya wa mutane zuba takin zamani da feshin auduga. A zamanin nan in za a yi rijiya ko hanya, ma'aikatan En'e ne da gayyar gari. Ɓarawo a saninmu shi ne wanda ya haura katanga ko ya kore wa mutum shanu. Ban taɓa kawo wa raina cewa ana yin sata da rana tsaka, a ɗaki mai fanka, kowa da babbar riga, a buɗe da addu'a a rufe da addu'a ba.

A wannan yawo na keke na san Arɗo Julde, shugaban wasu Fulani da ke zaune a bakin daji yamma da Runka. Wata damina rafi ya cika ya tsare ni, ya sauke ni a rugarsa, matarsa Dije ta dama mini fura. Tun daga nan muka ƙulla. In ya shigo kasuwar Batsari gidanmu yake ajiye sandarsa. Kana ƙarami ka sha man shanun da Dije ke aiko wa mahaifiyarka.

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur suka shigo, sai kuma aka yi farin nan da ba wanda ya gan shi da zai manta. Rafuka suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanyar mashaya. Arɗo ya kwashe abin da ya rage masa ya yi kudu. Da abin ya lafa, gwamnati ta ce za ta gina madatsun ruwa masu bangon ƙasa, irin waɗanda mutane ke kira dam, don makiyaya da masu lambu. Aka kafa kwamitin ba da kwangila a yankinmu, aka sa sunana a ciki don na san ƙasar. Na yi farin ciki ƙwarai. Ni na raka injiniya muka zaɓi wurin, wani kwari tsakanin tuddai biyu. Ni kuma na aika wa Arɗo saƙo na ce ya dawo gida, wahalar ruwa ta ƙare. Ya dawo, ya kafa rugarsa a gangaren kwarin, ƙasa da inda za a tare ruwan, inda ciyawa ke daɗewa ɗanya.

Akwai wani abokina na ƙuruciya, Alhaji Sada. Tare muka yi karatun allo a Ruma. Da sayen gyaɗa ya fara, ya koma sayar da siminti, daga nan ya zama ɗan kwangila. Mutum ne mai fara'a, mai sakin hannu. Ba a daɗe da ambaton sunana a kwamitin ba, haihuwar ƙanwarka Rabi ta zo wa mahaifiyarka da gardama. Ungozoma ta ce sai asibitin Katsina. Ga damina, ga hanya ta lalace, motar haya ba ta shigo gari ranar ba. Ina tsaye a ƙofar gida ban san abin yi ba, sai ga a-kori-kurar Alhaji da direba. Wani ne ya kai masa labari. Aka kai ta, aka yi mata aiki, Allah ya raya ta ita da jaririya. Da na je yi masa godiya ya rufe mini baki.

"Haba Inuwa, ni da kai? Kada in sake jin wannan magana."

Har yau ban sani ba ko don Allah ya yi, ko don dam. Mai yiwuwa shi kansa bai raba biyun a zuciyarsa ba. Abin da na sani shi ne ya ceci ran uwarka, kuma daga ranar na kasa haɗa ido da shi in ce masa a'a. Kuskurena a nan ba karɓar taimakon ba ne, don da za a maimaita yau ma sai na karɓa. Kuskurena shi ne na ci gaba da zama a kujerar. Kamata ya yi ranar da na ji yana cikin masu nema in miƙe a gaban kowa in ce, wannan mutum yana da alheri a wuyana, ku cire ni a wannan zama. Kabiru, za su zo maka. Ba da buhun kuɗi za su fara ba, don sun san ɗan wanda ya sami tarbiyya zai tsorata. Za su zo ranar da ɗanka ba shi da lafiya, ko ranar da mai gidan haya ya matsa maka. Wanda ya yi maka alheri ka gode masa har ƙarshen ranka, ka je bikinsa, ka je jana'izar nasa. Amma ranar da takardarsa ta hau teburinka, tashi ka ba wani wuri.

Sai batun sanarwa. Ka'ida ita ce a shelanta aikin kowa ya ji, a ba da lokaci. Sakataren kwamitinmu ya manna takardar a cikin barandar ofis ana gobe hutun Babbar Salla, aka kulle ƙofa aka watse. Ranar da aka dawo aiki ita ce ranar rufe karɓa. Ba a kai gidan rediyo ba, ba a sa mai shela ya faɗa a kasuwa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce:

"Malam, in muka tsaya jan lokaci shekarar kuɗi za ta ƙare, a maida kuɗin sama, mutanenka su sake kwana da ƙishi. Kana son haka?"

Na ce ba na so. Na bar maganar, har ina ganin mutum ne mai kishin talakawa. Sai daga baya na lura, duk aikin da ake son a miƙa wa wani a ɓoye, da gaggawa ake rufe shi. In ka ji ana cewa babu lokaci, babu lokaci, ka tambaya tun yaushe aka san da aikin, kuma wa ya riƙe shi har lokacin ya ƙure. Sau da yawa za ka tarar mai kukan gaggawar shi ne ya zauna a kan takardar wata da watanni.

Duk da haka akwai wanda ya ji. Malam Tanimu, wani magini ne a Safana, dattijo, wanda tun zamanin En'e yake yin kwalbati da yashe tafkuna, kuma ayyukansa suna nan tsaye. Ya zo gidana da magana a bakinsa. Ya ce an rubuta sharaɗi cewa sai wanda ya mallaki katafila tasa ta kansa, kuma wata iri takamaimai, ba ta haya ba. A duk yankinmu mutum ɗaya ke da irin wannan katafila, kai ma ka san ko wane ne.

"Malam Inuwa," in ji shi, "ni hayar katafila nake yi in na sami aiki, kuma ƙasa ba ta taɓa tambayata ta wace ce ba. Wannan riga a jikin mutum aka auna ta kafin a kawo ta kasuwa."

Na ba shi haƙuri, na ce daga sama aka rubuto, Allah ya kawo wani aikin. Ban je na binciki wanda ya sa sharaɗin ba. Ashe ba daga sama ba ne, a ofishinmu aka ƙara shi. Don haka ka karanta kowane sharaɗi kana tambayar kanka abu biyu: shin aikin ne ke bukatar wannan, kuma mutum nawa ne a ƙasar za su iya cika shi? In amsar ita ce mutum ɗaya, to an gama ba da kwangilar tun kafin a kira ku zama, ku shaidu kawai ake nema. Kuma in wanda aka hana shiga ya kawo maka kuka, kada ka ɗauke shi mai hassada. Shi ne ya fi kowa sanin inda aka toshe ƙofar, tunda shi ya buga goshi a wurin.

Ranar buɗe takardu mutum uku ne suka nema: Alhaji Sada, da wasu biyu daga cikin birni. Su biyun sun ce suna da irin katafilar, tana garejin gyara. Ba wanda ya je ya gani. Makullin akwatin da ake jefa ambulan yana hannun sakatare shi kaɗai, kuma ambulan ɗin Alhaji shi ya shigo daga ƙarshe. Da aka buɗe, farashinsa ya zauna daf da ƙiyasin injiniya, ƙasa da shi kaɗan, alhali ƙiyasin nan sirri ne, mu 'yan kwamiti ma a ranar muka ji shi. Na sauran biyun kuwa sun yi sama ƙwarai, irin farashin da mai son a saya ba zai faɗa ba. Shugaban kwamiti ya ce to, ga mai sauƙi a fili. Muka amince.

Abin da ya kamata ya tashe ni daga barci shi ne fuskokin waɗanda suka faɗi. Ka taso a gidan manomi, ka ga yadda mutum ke yi in an riga shi sayen gonar da ya sa rai. Waɗannan ko a jikinsu. Suka rungume Alhaji suna yi masa barka. Ranar kasuwa na gan su su uku a rumfa ɗaya suna cin balangu suna dariya, na ce a raina kai, ga Musulmin kirki, babu ƙyashi. Da aka fara aiki sai ga tifofin waɗanda suka faɗi su ne ke jidar ƙasa a wurin. Bayan 'yan watanni aka zo ba da ginin azuzuwa, su ukun dai suka nema, ɗaya daga cikin 'yan birnin ya ci. Aka zo ɗakin shan magani, ɗayan ya ci. Ina ba mahaifiyarka labari muna cin tuwo, ta ce cikin wasa:

"Malam, wannan ai adashi ne. Yau kwasar wane, gobe ta wane."

Na yi dariya. Ita ma ta yi dariya. Da na ɗauki maganar nan da gaske, da yau ba wannan wasiƙa nake rubuta maka ba. Kada ka duba aiki ɗaya shi kaɗai, ɗana. Jera ayyukan shekara biyu ko uku ka ga su wa ke nema, wa ke ci, wa ke faɗuwa kullum amma bai taɓa gajiya da nema ba. Ka je wurin aikin ka ga motar wa ke jida, leburorin wa ke haƙa. Wanda ya faɗi da safe ka gan shi da yamma yana cin abinci a cikin aikin, bai faɗi ba, rakiya ya yi.

Yanzu na zo inda hannuna ke nauyi.

Aiki bai yi nisa ba Alhaji ya kawo kuka cewa an ci karo da dutse a ƙasa, sai an ƙara masa kuɗi. Aka ƙara. Ya sake dawowa, aka sake ƙarawa, har abin da ya karɓa ya wuce farashin waɗanda muka ce sun yi tsada. Daga nan aka ce kuɗi sun ƙare, don haka mafitar da aka zana a gefe, inda ruwa zai bi ya wuce in dam ya cika, a bar ta sai baɗi. Ka riƙe wannan ma: mai sauƙi ranar buɗe ambulan ba lalle shi ne mai sauƙi ranar gama aiki ba. Wanda ya san za a ƙara masa daga baya, ba ya jin tsoron faɗin kowane farashi.

Ni malamin gona ne, na san ƙasa. Bangon dam da laka ake yin cikinsa, a zuba kaɗan a jiƙa a daɓe, a sake zubawa a daɓe. Wata rana na biya ta wurin ba tare da na sanar ba, na tarar katafila tana turo yashin rafi tana tarawa, a bisa kawai ake shafa jar ƙasa. Na zagaya bayan bangon, na cusa hannu na damƙo, na matse. Ina buɗe tafina ya wargaje.

Maimakon in kai maganar gaban kwamiti, sai kunya ta sa na tafi gidan Alhaji, mu biyu a zaurensa. Na faɗa masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, ya tura mini goro, sannan ya ce:

"Yaya jikin mai ɗakin naka? Ta warware sarai? Yarinyar fa, ta fara tafiya?"

Na ce lafiya lau, ta fara.

"Alhamdu lillahi. Batun bango kuma kada ya dame ka. In damina ta wuce zan sa a bi shi a gyara. Ka san ni."

Na tashi na fito. Bai yi mini barazana ba, bai ba ni ko sisi ba. Tambayar nan kaɗai ta ɗaure ni.

Ranar karɓar aiki aka zo da motoci. Aka bi da mu ta saman bangon, inda aka share aka yayyafa ruwa. Injiniyan da ya zo daga birni bai sauka bayan bangon ba, aka ce akwai ƙaya da macizai. Aka kai mu inuwa, ga shinkafa ga kaji. Takarda ta zagayo, kowa ya sa hannu, ni ne na ƙarshe. Na riƙe alƙalamin ina cewa a raina, manyana duk sun sa, injiniya ya sa, ni wane ne? Kuma ai ya yi alkawarin gyarawa. Na sa.

Da muka tashi tafiya Arɗo Julde ya taho, ya ja ni gefe. Ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya dubi rugarsa a gangare.

"Malam, wannan tudu zai riƙe ruwa kuwa?"

Na ce, "In sha Allahu, Arɗo. Aikin gwamnati ne."

Ya ce, "To, madalla."

A duk abin da na yi a rayuwata, babu wanda ke hana ni sakewa kamar wannan amsa. Ko da na sa hannun, da na ce masa Arɗo, matsa da iyalinka kan tudu, da ya matsa a ranar, ba zai ko tambaye ni dalili ba. Amma faɗin haka yana nufin na yarda cewa abin da na sa wa hannu ƙarya ne, ni kuwa ban shirya yarda ba, ko a gaban kaina.

Daminar farko ruwa bai yi yawa ba. Dam ya kama rabi, shanu suka sha har rani, mutanen Runka suka yi lambun tumatir da albasa a gefe. Aka yi ta sa mini albarka a hanya. Alhaji bai gyara komai ba, ni ma ban tuna masa ba. Na fara gaya wa kaina cewa tsorona ne ya yi yawa.

Damina ta biyu, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, aka jera kwanaki ana yi ba ƙaƙƙautawa. Dam ya cika, babu mafita. Da hantsi ruwa ya haura saman bangon, ya sami yashi, ya yanke shi kamar wuƙa. Maza sun riga sun fita kiwo da manyan shanu. Mata ne a ruga, da yara, da maruƙa ɗaure a igiyarsu. Waɗanda suka ji rugugin suka kwashi yara suka hau tudu. Dije ta kai tudun, sai ta ji kukan maruƙan, ta juya don ta kwance su. Matar ɗanta, da goyo a bayanta, ta bi ta don ta jawo ta. Ruwan ya same su a nan su uku.

Washegari na tafi. Babur ya kai ni inda zai iya, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Gonakin gero duk sun kwanta, yashi ya rufe su. An sami gawarwakin can ƙasa a cikin ƙaya, an riga an rufe su kafin in iso. Na tarar da Arɗo zaune a kan buzu ƙarƙashin wata bishiya, mutane kewaye da shi. Yana ganina ya sa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da shi. Ka san halin Fulani da dauriya. Shi ya fara gaishe ni. Ya tambayi mahaifiyarka, ya tambaye ka da karatu, ya ce na sha hanya. Na yi masa ta'aziyya da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya ba da, Allah ya karɓa.

Sai da mutane suka tashi salla muka rage mu biyu. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce a hankali:

"Malam, ni ban san gwamnati ba. Kai na sani."

Ya tashi ya ɗauki butarsa.

An turo masu bincike daga sama. A nan ne bakina ya buɗe, na faɗi komai: sanarwar, da sharaɗin katafila, da masu rakiya, da yashin. Shugabansu ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko na taɓa rubuta ƙorafi a lokacin. Na ce a'a. Ko na taɓa faɗa a zaman kwamiti, aka shigar a bayanin taro? Na ce a'a. Ko akwai wanda ya ji lokacin da na yi wa ɗan kwangila magana? Na ce mu biyu ne. Ya juyo mini da takardar karɓar aiki ya ce, wannan hannun wane ne? Aka rufe bincike a kan cewa ruwan bana ya fi ƙarfin kowane gini. Ni kuma aka ce ina ɓata sunan mutane, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa inda ka sani. Kwangilar gyaran dam, wani sabon kamfani aka ba, mai sunan ƙanen Alhaji. Katafilar dai ita ce. Gyaran bai yi ƙarko ba, yanzu wurin kwazazzabo ne. Malam Tanimu bai sake neman aikin hukuma ba, ya sayar da kayan aikinsa ya koma gona har Allah ya karɓi ransa.

Gaskiyar da aka faɗa a makare ba ta ceci kowa ba, Kabiru, ni ma ba ta wanke ni ba. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, faɗe shi a lokacin, a cikin taro, da ladabi, ka nemi a rubuta cewa ka faɗa. Kada ka bi mutum gida ku yi ta a zaure. Ka nemi ko mutum ɗaya mai gaskiya a ofishinku ku riƙa duba abu tare, don tsinke ɗaya ba ya shara. Abin da ba ka gani da idonka ba kada ka sa masa hannu, ko hannun wa ka gani a sama da naka. In an kai ka duba aiki, bar inda aka share, zagaya baya inda aka ce akwai ƙaya. Kuma ka tambayi mutanen da za su kwana a ƙarƙashin aikin, ka gaya musu gaskiyar abin da ka gani.

Ban ce ka zama mai zargin kowa ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Akwai gaggawa ta gaskiya, akwai ɗan kwangila mai tsoron Allah, kuma ɗora wa mutum satar da bai yi ba zalunci ne da za a tambaye ka a kansa. Amma in alamu suka taru, biyu, uku, huɗu, duk suna nuna ƙofa ɗaya, kada ka ce da kanka ni wane ne. Ni na faɗi haka.

Za a iya hana ka ƙarin girma. Za a iya jefa ka wani lungu, abokan aikinka su yi gidaje kana haya. Na san zafin wannan, ba zan ce maka babu zafi ba. In abin ya kai ga kora, ka dawo gida. Gonarmu ta Ruma tana nan, ba ta taɓa barin mu da yunwa ba, kuma ba za ka ji kalmar zargi daga bakina ko na mahaifiyarka ba.

Saura abu ɗaya. Bayan kakar shekarar da dam ya fashe Arɗo ya tashi da jama'arsa suka yi kudu, bai yi mini sallama ba. Na sha yin niyyar in bi sawunsa in durƙusa in nemi gafararsa. Kullum sai in ce bari in sami hutu, bari hanya ta bushe, bari zafin abin ya ragu. Gaskiyar ita ce kunyar haɗa ido da shi nake ji. Bara, ranar kasuwa, ina wucewa ta kara, inda ake cinikin shanu, sai wani ya kama hannuna. Ɗansa ne, mijin yarinyar da ta rasu da goyo. Ya yi furfura tun bai kai ba. Muka gaisa, na tambayi tsohon. Ya ce ai ya rasu tun da rani, can wata ƙasa mai nisa, a wajen da ba su da kowa.

"Kafin ya cika ya ce in Allah ya sa na gan ka, in gaishe ka."

Na ce, "Bai ce komai ba bayan wannan?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce, "A'a. Gaisuwar ce kawai."

Na tsaya a tsakiyar kara, shanu na wucewa ta gefena, har ya saki hannuna ya tafi. Ban san ko yafiya ce ya aiko mini ba, ko tunatarwa. Sai mun haɗu a gaban Allah zan ji.

Ka sa shi a addu'arka, shi da Dije da surukarsu da jaririn. Ka sa ni ni ma.

Allah ya tsare mini kai daga sharrin mai zuwa da fara'a da mai zuwa da fushi. Allah ya tsare idonka da hannunka, ya ba ka ƙarfin faɗin a'a a ranar da take da wuya, ya ciyar da kai halal ko kaɗan ce. Allah ya kai ka lafiya duk inda aiki ya tura ka, ya dawo mana da kai lafiya. Ka kula da salla a kan lokaci. Ka gaida mai gidan da ya sauke ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Inuwa.